Darasin Watan Afrilu: Gargaɗin Hadari da Abin da Za Mu Yi In Mun Ji Shi

'Yan'uwa manoma, bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, idon kowa yana gabas. Kafin mu sāke taruwa watakila an yi ruwan fari a wurare da yawa. Saboda haka darasinmu na wannan wata a kan hadari ne, watau yadda za mu gane gargaɗin da ake bayarwa a rediyo da waya, da abin da ya kamata mu yi sa'ad da iska da tsawa da ambaliya suka zo. Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta shi da ƙarfi a taro, a hankali, domin waɗanda ba su yi karatu ba su ma su samu. In bai ƙare a zama ɗaya ba, a raba shi biyu. A gayyato zumuntar mata da matasa, gama abu mai yawa a cikinsa ya shafi yara da masu kiwo.

Su wane ne suke ba da gargaɗin?

A Nijeriya akwai hukumar kula da yanayi da ake kira NiMet, wadda aka kafa da doka a shekara ta 2003. Tana da ma'aikata masu auna ruwa da iska da zafi a tashoshi dabam dabam, tana kuma duba hotunan gizagizai da taurarin ɗan'adam suke aikowa. A farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina: lokacin da ake sa ran ruwa zai kama sosai, lokacin da zai ɗauke, tsawon damina, da inda ake tsoron ruwa zai yanke a tsakiya. Ban da wannan tana ba da hasashen kwana ɗaya zuwa kwana uku. Akwai wata hukuma kuma, NIHSA, mai lura da koguna da madatsun ruwa, ita ce take faɗar garuruwan da ambaliya za ta iya shafa. Ta uku ita ce NEMA, hukumar agajin gaggawa, wadda aka kafa a 1999, jihohi kuma suna da irinta. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da tasu hukumar yanayi, a Yamai kuma akwai cibiyar Agrhymet da ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban farin nan.

Ku lura, sanarwar iri uku ce, kowace da aikinta. Ta farkon shekara ta shiri ce: wane iri za mu shuka, wace gona za mu bari, wane rufi za mu gyara. Ta kwana biyu ko uku ta tsara aiki ce: yau za a zuba taki ko a dakata, za a shanya hatsi ko a bari, za a yi tafiya ko a fāsa. Ta uku ita ce ta yanzu-yanzu, wadda take cewa hadari mai ƙarfi yana kan hanya cikin 'yan awoyi. Wannan ba a yi mata taro. A ajiye aiki a nemi mafaka.

Hukumomin yanayi a ƙasashe da yawa suna sa launi a kan taswira domin a gane da sauri. Kore, babu abin tsoro. Rawaya, a sa ido. Ruwan lemo, a shirya. Ja, a tashi a yi abin da aka ce nan da nan. Wanda yake da babbar waya zai ga waɗannan launuka, sai ya nemi inda jiharsa take a taswirar kafin ya faɗa wa mutane kome.

Lissafin da mai rediyo yake faɗa

Sau da yawa mukan ji an ce za a yi ruwa milimita kaza, maganar ta wuce mu. Ga ma'anarta. Milimita 1 na ruwan sama, lita 1 ke nan a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Dattawan da suka saba da inci su riƙe cewa inci 1 kimanin milimita 25 ne. To, kadada ɗaya tana da irin wannan fili 10,000. In aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, lita 500,000 ke nan suka sauka a kan kadada guda, watau duro 2,500 na lita 200. In ƙasa ta bushe kuma ruwan ya zo a hankali, za ta sha da yawa. In kuwa an yi kwana uku ana ruwa, ƙasa ta ƙoshi, kusan dukansa zai gangara kwari. Shi ya sa ruwan da bai yi ɓarna a watan Yuni ba yakan rushe gida a watan Agusta.

Akwai kuma maganar kashi cikin ɗari. In aka ce kashi 70 cikin 100 za a yi ruwa, ana nufin cikin irin wannan rana guda 10, a 7 ruwa yakan sauka, a 3 ba ya sauka. A nan ne mutane da yawa suke yanke ƙauna da masu hasashe. Za ka ji an ce, ai jiya sun ce za a yi ruwa, ga shi ko ɗigo ba mu gani ba. Amma mu da muke noma mun san hadari yakan jiƙa gonar wani ya bar ta maƙwabcinsa, har a ga iyakar ruwan a kan hanya kamar an ja layi. Mai hasashe yana magana a kan jiha ne ko yanki, ba zai iya ambaton gonar kowa ba. Mu auna abin da ma'auni irin na kasuwa. In mun ji gargaɗi muka shigar da masarar da muka shanya, ruwa bai zo ba, mun yi hasarar aikin awa ɗaya. In muka ƙi ji, ruwa ya zo, mun yi hasarar abincin watanni. Ko da sau huɗu gargaɗin ya wuce banza, na biyar ɗin ya biya kuɗin duka.

Sai dai ba kowane saƙo ne abin gaskatawa ba. A WhatsApp akan yi ta yawo da tsohon gargaɗi na bara ko na wata ƙasa, da hoton ambaliyar da ba a san inda aka yi ta ba. Kafin a yaɗa saƙo a tambayi abu uku: wace hukuma ta fitar da shi, wace rana, kuma don wane wuri? In babu amsa, a jira labarun rediyo ko a tambayi malamin gona. Ƙungiyar da ta tayar da gari da tsakar dare a kan ƙarya, ran da gaskiya ta zo ba wanda zai fito.

Ko jin gargaɗi rashin bangaskiya ne?

Mun san akwai masu cewa rai a hannun Allah yake, wanda kwanansa bai ƙare ba ko a gindin itace ya tsaya ba abin da zai same shi. Rai a hannun Allah yake, gaskiya ne. Amma a karanta Ayyukan Manzanni sura 27 a taron. Ana kai Bulus Roma cikin jirgin ruwa, lokacin tafiya a teku ya riga ya wuce, Bulus ya gargaɗe su kada su tashi. Shugaban sojan ya fi jin maganar matuƙin jirgin da mai jirgin, gama tashar da suke ba ta da daɗin zama, yawancin mutane kuma sun fi so a ci gaba. Wata iska mai laushi ta taso daga kudu, suka ɗauka alama ce mai kyau. Ba a jima ba guguwa ta kama su, har dare 14 suna cikinta, kaya suka tafi, jirgin ma ya farfashe. Abin da muke so ku lura da shi yana tsakiyar labarin. Allah ya riga ya yi wa Bulus alkawari cewa dukan mutum 276 da suke ciki za su tsira. Duk da haka, da ma'aikatan jirgin suka so su sulale su gudu, Bulus ya sa aka hana su, domin in babu su babu mai sarrafa jirgin. Ya kuma matsa wa kowa ya ci abinci don ya sami ƙarfi. Mutumin da ya fi kowa bangaskiya a jirgin nan shi ne ya fi kowa kula da dabara. Wanda ya ba mu ruwan sama shi ne ya ba mu kunne da hankali, shi ne kuma ya ba masu auna yanayi iliminsu.

Abin da ido yake gani

Rediyo ba ta soke abin da kakanninmu suka sani ba. Manyan haduran ƙasarmu daga gabas suke tasowa su nufi yamma, a jere kamar bango, sukan yi tafiyar kilomita 50 a awa ɗaya ko fiye. Watau hadarin da yake kilomita 25 daga gare mu zai iya isowa cikin rabin awa. Da farko iska takan tsaya cik, zafi ya yi nauyi. Sa'an nan gabas ta yi baƙi, a ƙarƙashin baƙin a ga jar ƙura tana birgimowa. Daga nan sai iska mai sanyi ta bugo. Iskar ce take fara isowa kafin ruwa, ita ce kuma mai kwashe rufi. Mutumin da ya jira sai sanyin nan ya taɓa jikinsa kafin ya bar gona ya makara. Haduran farkon damina da na ƙarshenta su ne suka fi zuwa da iska da tsawa, ko da ruwansu bai taka kara ya karya ba.

In akwai ƙungiyar 'yan'uwa a garin da yake gabas da mu, mu karɓi lambar wayar magatakardansu. Sa'ad da hadari ya buge su, kira ɗaya zai ba mu minti 20 ko 30 na shiri. Mu ma mu yi wa na yamma da mu haka.

Tsawa da aradu

A nan za mu daɗe, gama a nan ne aka fi rasa rai a banza, a nan ne kuma camfi ya fi yawa.

Haske yana isowa nan take, ƙara kuwa tana tafiyar kilomita 1 cikin daƙiƙa 3. Saboda haka in ka ga walƙiya, fara ƙirga a hankali har ka ji tsawa. In ka ƙirga 9, aradun ta fāɗi kilomita 3 daga inda kake. In ba ka kai 30 ba, tana cikin kilomita 10, ta gaba za ta iya sauka a kanka. Mafi sauƙi ma, duk wanda kunnensa ya ji tsawa yana cikin inda aradu take kaiwa, ko da ruwa bai fara ba, ko da rana tana haskawa a kansa. Bayan tsawa ta ƙarshe a jira minti 30 kafin a koma gona. Mutane da yawa a ƙarshen hadari ake bugunsu, sun ga ruwa ya tsagaita sun fito duba shuka.

Aradu takan nemi abin da ya fi tsawo a wurin. Itace guda a tsakiyar gona, kamar giginya ko rimi ko ɗorawa, shi ne wuri mafi muni, kuma can ne ƙafa take kai mu da zarar ruwa ya fara. In ta bugi itace, wutar takan yi tsalle ta kama wanda yake gindinsa, ta kuma bazu cikin ƙasa ta kowace fuska. Wannan wutar da take bin ƙasa ita ce take kashe shanu da yawa a bugu ɗaya. Tana shiga ta ƙafafun gaba ta fita ta na baya, ta ratsa zuciya, domin tazarar ƙafafun saniya tana da yawa. Don haka kada a ɗaure shanun noma a gindin dogon itace ko a jikin shingen waya. Don haka kuma mutumin da hadari ya rutsa da shi a fili kada ya kwanta a ƙasa. Ya sauka daga tudu ko dutse, ya fita daga ruwa da fadama, ya sauke fartanya ko garma daga kafaɗarsa, ya nufi gida. In mutane suna da yawa, kamar ranar gayya, kada su dunƙule wuri ɗaya. Su warwatsu da tazara, domin in an bugi ɗaya a sami masu taimakonsa. Tsugunawa da haɗa ƙafafu dabara ce ta wanda ba shi da sauran dabara, kada kowa ya dogara gare ta.

Rumfar gona da rumfar kasuwa suna tare ruwa, ba sa tare aradu. Mota mai rufin ƙarfe, in an rufe gilasai, mafaka ce mai kyau, domin wutar tana bin jikin ƙarfen ta sauka ƙasa. Ba tayar roba ce take tsare mutum ba, saboda haka babur da keke da amalanke da bayan a-kori-kura ba su da wani tsaro. A cikin ɗaki a nisanci ƙofa da taga da bango, a zauna a kujera ko gadon katako maimakon kwanciya a daɓe. A cire wayar eriya da ta talabijin tun kafin hadari ya iso. Wayar hannu ba ta jawo aradu, amma kada a riƙe ta tana jone da caji a bango. Dole mu faɗi gaskiya, ɗakin jinka ko na kwano da ba shi da abin kama aradu bai zama cikakkiyar mafaka ba. Ya dai fi fili da gindin itace nesa ba kusa ba.

Majami'armu fa? Sau da yawa ita ce gini mafi tsawo a ƙauye, a kan tudu, da gicciyen ƙarfe a ƙoli, da mutum ɗari ko ɗari biyu a ciki. A watan Maris na 2018 aradu ta fāɗa a kan wata majami'a a gundumar Nyaruguru ta ƙasar Ruwanda ana cikin sujada, mutum 16 suka mutu, fiye da 100 aka kai asibiti. A 2011 kuma ta kashe yara 18 a wata makarantar firamare a Uganda. Maganin wannan sananne ne tun zamanin Benjamin Franklin na Amurka, wajen 1752: sandar ƙarfe a ƙolin gini, da waya mai kauri wadda ta sauko ta haɗu da ƙarafan da aka binne cikin ƙasa mai laima. A nemi wanda ya san aikin sosai, gama sandar da wayarta ta yanke ba ta da amfani. Ɓarayi kuma suna son jan ƙarfe, sai a duba ta kowace shekara kafin damina. A ganinmu ikkilisiyar da take tara kuɗin sabuwar lasifika alhali ba ta da wannan sanda ta sa na baya a gaba. In ana tsawa lokacin sujada, a kashe injin, a ajiye makirfo mai waya, a matso daga jikin bango, kada kuma a sallami jama'a sai minti 30 ɗin nan sun cika.

Yanzu ga abin da ya fi duka muhimmanci. Wanda aradu ta buga babu sauran wuta a jikinsa. Ana iya taɓa shi nan take. A wasu wurare akan ce kada a taɓa shi sai an zuba masa madara, ko sai wani mai asiri ya zo, ko a ce wani ne ya turo masa. Cikin wannan jira ne mutum yake mutuwa, alhali da yawa daga waɗanda aka buga suna rayuwa in an taimake su da sauri. Abin da yake faruwa shi ne zuciya da numfashi sukan tsaya. In mutum da yawa suka fāɗi, a fara da wanda ya yi shiru kamar matacce, gama mai kuka yana numfashi. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. A ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a ɗora ɗaya hannun a kai, a danna ƙasa kamar santimita 5, da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Bayan danna 30 a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki sau 2, a koma dannawa. In hannu ya gaji wani ya karɓa. Wani kuma ya nemi mota, ko ya kira 112 inda lambar take aiki. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti. A roƙi ma'aikacin ɗakin magani ya zo taro ya nuna wannan dannawa da hannunsa, karatu kaɗai ba ya isa. Maganar turowa kuwa, ta raba zumunci a garuruwa da yawa ba gaira ba dalili. Ko ɗan dutsen nan mai santsi da ake tsinta a gona a ce gatarin aradu ne, gatarin mutanen dā ne da suka wāsa da hannunsu tun kafin a san ƙira.

Iyaye, ku faɗa wa yaran da suke kiwo da bakinku cewa in sun ji tsawa su kaɗo dabbobi gida, in dabbobin sun ƙi, su bar su su taho, ba wanda zai doke su. Yaro yakan tsaya a gindin itace da awaki ne saboda ya fi tsoron bulalar gida.

Iska da rufi

Iska ba ta danna kwano ƙasa, ɗaga shi take yi, ta fara daga baki da kusurwa. Aikin wannan wata ne a hau a duba. A sa ƙusa mai hula a kan tudun kwano, a ƙara yawanta a gefe-gefe. A ɗaure katakon rufi da jikin bango da langalanga ko waya mai kauri, gama sau da yawa rufin yakan tashi ɗungum da katakonsa. Jibga duwatsu a kan kwano ba gyara ba ne, ran da kwanon ya tashi duwatsun a kan mutane za su sauka. A sāke ɗaurin jinka, a yi yaɓe, a buɗe indararo, a sare busassun rassan da suke kan ɗaki. In iska ta taso a rufe ƙofofi da tagogi, kada kowa ya fita bin kwanon da ya tashi, yana yanka kamar adda.

Maganin da yake daɗewa shi ne jerin itatuwa a gabashin gari da gona, nesa da ɗakuna fiye da tsawon itacen. Irin wannan jeri yana rage ƙarfin iska har nisan da ya kai tsawonsa sau 10. A kwarin Majiya na jihar Tawa a Nijar an fara dasa layukan darbejiya a 1975, manoma suka ga yashi ya daina binne musu shuka, gero ya ƙara albarka.

Ambaliya

Ambaliya iri biyu ce. Akwai ta gulbi, mai zuwa a hankali, wadda ake iya sani tun da kwanaki. Madatsar Lagdo tana kan Binuwai a Kamaru, an gama ta a 1982. In ta cika aka buɗe ƙofofinta, ruwan yakan bi ta Yola da Numan da Ibi da Makurɗi har Lakwaja, yana ɗaukar kwanaki a hanya, akan kuma yi shela. A ambaliyar 2012 mutum 363 suka mutu bisa ga lissafin NEMA, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A ta 2022 waɗanda suka mutu sun wuce 600. Wanda yake zaune a bakin gulbi, in an ce a tashi, ya tashi da rana da ƙafarsa, da akuyarsa da buhunsa. Wanda ya jira sai ruwa ya shigo, da kayan jikinsa kaɗai zai fita, in ya fita.

Ɗayar kuwa farat ɗaya take zuwa. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashi na Maiduguri cikin dare. A ranar 29 ga Mayu 2025 ruwa ya auka wa Mokwa a jihar Neja da asuba, fiye da mutum 150 suka mutu. Duka biyu mutane suna barci. Saboda haka garin da yake kwari, ko bakin korama, ko ƙasa da madatsa, ko kusa da kwalbatin da yakan toshe, ya kamata ya sa masu tsaro a daren da aka ba da gargaɗin ruwa mai yawa. A kafa turke a bakin rafi, a shafa masa fenti a wurare uku, a yarda tun yanzu cewa in ruwa ya kai alama ta sama kowa zai hau tudu ba gardama. Ku tuna rafi yakan cika da ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa, ko da mu ba mu ga hadari ba.

Kada a raina ruwa mai gudu. Wanda ya kai idon sawu ya ɗan wuce, santimita 15, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci. Ba ka ganin ƙasansa, watakila gadar da ka sani ta riga ta tafi. In direba ya ce zai ratsa, ku sauka, kwana a bakin rafi ba abin kunya ba ne. Haka kuma kada a shiga kwalekwale in gabas ta yi baƙi.

A gida a lura da bangon ƙasa bayan ruwan kwana biyu ko uku. In gindinsa ya jiƙe, ko ya tsage, ko ya fara kumburi, kada a kwantar da yara a jikinsa. A ɗora buhunan taki da hatsi a kan katako. A zuba irin shuka a jarka mai murfi a rataye a sama. Takardun gona da na makaranta da katin asibiti a ƙulle su a leda wuri ɗaya da tocila da maganin da wani yake sha kullum. In za a gudu a kwance dabbobi daga turke.

Bayan ruwa ya janye, rijiyar da ambaliya ta shiga ta ƙazantu ko da ruwanta ya yi garau. A tafasa ruwan sha, gama amai da gudawa yakan biyo baya. Wanda ya kamu a haɗa masa lita 1 na tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana kai shi asibiti. A kula da macizai a cikin ɗaki da rumbu. Wayar lantarki da ta fāɗi a ɗauka da wuta a jikinta. Magatakarda ya rubuta hasarar kowa da sunansa da girman gonarsa tun ba a manta ba, domin in za a kai wa ƙaramar hukuma a kai abin da yake gaskiya.

Aikin ƙungiya kafin taro na gaba

A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu sauraron labarin yanayi kowace rana, ƙungiya ta ɗauki nauyin batirinsu. A yarda da alamar da za a buga wadda ta bambanta da kiran sujada. Amma a yi hankali da ƙararrawa. A garuruwanmu da yawa ƙarfen ƙafar mota ne aka rataye a babban itace, wanda ya je buga shi ana tsawa ya kai kansa wuri mafi haɗari. A Faransa a ƙarni na 18 aradu ta kashe masu buga ƙararrawa da yawa har hukuma ta hana bugawa lokacin hadari. A buga tun hadari yana nesa. In ya riga ya iso, sai usur da waya da kira daga gida zuwa gida.

A kai wannan shiri gaban mai unguwa ko dagaci, a sanar da liman da maƙwabtanmu Musulmi, a aika rugar Fulani da take kusa, domin kowa ya san ma'anar alamar da tudun da za a taru. A rubuta sunayen tsofaffi da makafi da guragu da gwauraye masu ƙananan yara, a sa wa kowannensu saurayi guda wanda zai je ya ɗauko shi. In majami'a ko makaranta ce mafakar, dattawa su faɗa a gaban kowa wanda mabuɗin yake hannunsa, da wanda zai riƙe na biyu in shi ya yi tafiya.